Ajin da Ba Ya Kai Ƙarshen Layi

Har gobe ban manta da yammacin da na shiga ajin Malam Sahabi ba. Zamanin Turawa ne, ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, ina oganeza na azuzuwan manya a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya, mazaunina Tambuwal. Ku da kuke zuwa duba makaranta a kan babur ku dawo kuna kukan ciwon baya, ba ku san wuya ba. Keke nake turawa cikin yashi har ƙasar Kebbe.

Aikin oganeza shi ne ya zagaya da rani, lokacin da manoma suka huta, ya gwada ɗalibai, ya rubuta rahoto. Ajin da ya ci jarrabawa a ba mutanensa takardar shaida. Malamin da ya kasa a sauke shi, a sa wani. Malam Sahabi dattijo ne mai ilimin Muhammadiyya, ya koyi boko da girmansa, kuma ajinsa da ke wani ƙauye gaba da Fakku bai taɓa ba ni kunya ba. Shi ya sa na je hankalina kwance.

Na isa bayan la'asar, na iske magidanta cike da zaure. Na yi sallama, Malam ya amsa yana duban bakin ƙofa, alhali na riga na shigo na tsaya a damansa. Sai da na yi gyaran murya ya zabura. Ban kawo komai a raina ba, na ce a buɗe littafi a karanta mini tare.

Nan take kowa ya kai takarda dab da hancinsa, ya karkace kai gefe guda kamar kaza tana duban shaho. Malam ma haka ya yi. A shafin an rubuta cewa Tanko ya kai shanu rafi da safe, ya iske ruwa ya janye daga gaɓa. Suka ɗauka da murya ɗaya:

"Tanko ya kai shanu..."

Sai shiru. Ba mai tari, ba mai motsi.

"Ya iske ruwa ya..."

Shiru kuma. Haka suka bi shafin har ƙasa, kowane layi an gutsure masa ƙarshe, kuma duk wuri ɗaya suke tsayawa kamar an ɗaure musu harshe. Rana tana nan ba ta faɗi ba, amma wallahi tsigar jikina ta tashi. Na ji tsoro, har na dubi ƙofa.

Na dake, na durƙusa kusa da Malam, na ɗora yatsa a kan kalmar rafi. "Malam, wannan fa?"

"Wace, Malam Umaru? Nan ai farin takarda na."

Na dubi idanunsa. Garau suke, ba yana, ba ja, ba kwantsa. Yana kallon kalmar, kalmar tana nan baƙa ƙirin, shi kuwa fari yake gani.

Na yafuto Bawa, babban ɗalibinsa, wani mai shanu da furfura a gemu, muka fita bayan zaure. Na ce, "Kai ma ba ka ganin ƙarshen layin?"

"Ranka shi daɗe, muna ganinai sarai."

"To don me kuke tsayawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Da fari mun zaci wata ƙa'ida ta ta boko, har riƙon takardar. Da munka gane idanu na, sai kunya tak kama mu. Abin da malam bai karanta ba, wa za ya riga shi?"

Raina ya ɓaci, amma ban san da wa zan yi faɗa ba.

Ashe Malam yana jin mu. Da muka koma ya ce in zauna. "Ba duhu nika gani ba," in ji shi. "Da duhu na, da na gane tun bara. Abu dai shi kan ɓace awa ba a taɓa yin shi ba. In na sauka layi sai in rasa inda na fito. Ubana ma haka nashi sunka tafi, garau da su." Sai ya juya wajen ɗalibansa ya ce su karanta masa abin da ya hana su. Sai da ya maimaita, sannan Bawa ya karanta shafin cikakke.

Daga baya an kai shi Sakkwato. Likita ya ce ruwan cikin ido ne ya yi yawa yana danne jijiyar gani, ciwon da yanzu ake kira hawan jinin ido. Yana ci daga gefe a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba karatu kaɗai suke ɗauka daga malami ba, har abin da ya rasa sukan ɗauka don kara. In kun je duba aji, kada ku tsaya ga abin da ɗalibi bai sani ba, ku nemi abin da ya sani ya ƙi faɗa. Rahoto kuwa gaskiya na rubuta, don ba yadda zan yi, na kuma san zai raba Malam da ajinsa. A ranar, kafin in hau keke, ya riƙe hannuna, ya roƙe ni in karanta masa shi, in kai kowane layi ƙarshe.