Albarkar Halliru Mahauci

Halliru ya shekara talatin yana sayar da nama a kasuwar Garwa, tun kafin Jamusawa su kafa barikinsu a bakin Binuwai. Mutum ne mai taurin ciniki. In ka taya tsoka tayin bai yi masa ba, ko kai ba ya ɗagawa, sai ya ce "albarka" ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Duk Bahaushen kasuwa ya san albarka a bakin mai sayarwa a'a ce, an dai sa mata riga ne don kada mai saye ya ji kunya. Matarsa Salamatu takan yi masa tsiya, ta ce ko tuwonta ne bai yi masa ba, albarkar nan za ta sha.

Shekara shida da zuwan Jamus, wata rana da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya ɗauke, sai wannan kalma ɗaya ta rage masa. Hankalinsa kuwa garau. In yana son abu sai ya riƙe hannun Salamatu ya matse, in ba ya so ya ce albarka. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, kuma ba ta taɓa ɓata wajen gane abin da yake nufi ba.

Ta je wurin limamin unguwa ta tambaya wa ke da ikon yanke hukunci a kan gidan Halliru da shanunsa. Liman ya ce hanya biyu ce. In hankalin mutum ya gushe, alƙali ne zai naɗa masa waliyyi daga danginsa. In yana cikin hankalinsa, shi zai zaɓi wakilinsa da kansa, ko da nuni ne, a gaban shaidu. Ta koma gida da sanyin rai, don ta san hannun wa zai riƙe.

Sai ga Muntaka, ƙanen Halliru, dillalin shanu a Ngawundere, wanda rabonsa da gaida yayansa an yi damina bakwai. Ba ciwon ne ya kawo shi ba, labarin garke ne ya kawo shi. Ko ƙurar hanya bai gama karkaɗewa ba ya shigar da ƙara, wai a ba shi waliccin yayansa, ya sayar da gidan, ya tafi da Halliru can ya yi jinya.

Alƙalin Bafulatani ne, malami na gaske, amma tun da aka haife shi bai taɓa tsayawa taya nama ba. Ya so yin adalci, ya ce a kawo majinyacin a tambaye shi. Aka shimfiɗe Halliru a tabarma, mahauta huɗu abokan sana'arsa suka zauna a matsayin shaidu, Salamatu tana bayan zana. Sau uku ana tambayarsa ko ya yarda Muntaka ya riƙe al'amarinsa, sau uku yana cewa albarka, jijiyar wuyansa har tana tashi. Alƙali ya yi murmushi, ya ce ai magana ta ƙare, mutum ya sa wa ɗan'uwansa albarka.

"Allah gafarta malam, a'a yake cewa," in ji Salamatu daga bayan zana. "A tambayi mahautan nan."

Aka tambaye su. Dukansu a hannun Muntaka suke sa ran samun shanun yankan bariki, kuma sun ji kalmar nan a bakin Halliru fiye da yadda suka ji kiran salla. Babbansu Dawuda ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya.

"Albarka dai albarka ce," ya ce.

Abin da ya fi ƙona ran Salamatu ke nan har ta koma ga Allah. Alƙali bai sani ba, Muntaka kowa ya san halinsa, amma waɗannan huɗun da idonsu biyu suka yanka mutum yana kallonsu.

Kwana uku tana zaman rana a ƙofar bariki kafin a shigar da ita. Bajamushen da ke mulkin barikin ya sa tafinta ya karanta masa takardar alƙali, ya ce shari'ar Musulmi ta Musulmi ce, kuma ga shi a rubuce mai abu ya yarda. Ya kore ta da bayan hannu kamar ƙuda.

Aka sayar da gidan, aka ɗaure Halliru a kan takarkari. Salamatu ba a gayyace ta ba, ba a kuma hana ta ba, ta bi su a ƙafa har Ngawundere. Can Muntaka ya ba su wani ɗaki kusa da turken shanu, sanyin tudu ya shiga jikin Halliru, bai kai damina ta biyu ba.

Ta dawo Garwa ta raɓe a gidan 'yar'uwarta tana sayar da ƙosai, mutanen unguwa suna cewa tsohuwar nan ta cika faɗa. Mahautan huɗu suka sa manyan riguna suka zo ta'aziyya. Ba ta shimfiɗa musu tabarma ba, ba ta aiko da ruwa ba. Ta leƙo zaure ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar da ya rasa baki kuna da naku, kuka hana shi," ta ce. "Yau me zai yi da shi? Ku tashi ku tafi."