Doyar Mama

Shekarar da na samu gurbin bincike kan rawar da mata ke takawa wajen sulhu, kusan duk rahotona daga bakin wata tsohuwa 'yar Gbagyi na kwaso shi. Ita ce ta sasanta manoma da makiyaya a bayan unguwar Idu. Na gayyace ta wani otal a Jabi ranar gabatarwa.

Ina tsaye da jakadu a bakin ƙofa sai na hango ta, ƙwarya cike da doya a kafaɗarta, maigadi ya tare ta. Ta ɗago mini hannu: "'Yata!" Na kau da kai, na ci gaba da zuba Turanci.

A ciki aka yi ta tafa mini. Da na fito, maigadin ya miƙo mini ƙwaryar.

"Hajiya, Mama ta ce ki yi haƙuri, bana doyar ba ta yi girma ba."