Kibiyar da Ba Ta Sha Dafi Ba

Shekarar da na yi musu da maƙerin bakin kasuwar Matameye a kan ƙarfen kibiya, matata tana da juna biyu, karo na uku ke nan. Na farko ya zube, na biyu ma ya bi shi, duka tun ba su yi ƙwari ba. Don haka wannan karon ko tulu ta taɓa sai Inna, mahaifiyata, ta taso ta karɓe tana faɗa. Ni dai bakina gum, don a zamaninmu namiji ba ya zancen cikin matarsa a gaban uwarsa. Amma tsoro kam ina jin sa, da shi nake kwana, da shi nake tashi.

Ana cikin haka, bayan an gama kwasar gyaɗa, kwaɗayi ya taso mata. Ba kaza ba, ba balangun kasuwa ba, wai ita naman barewa. Inna ce ta tare ni a zaure ta faɗa mini.

"Mai lalura ba a hana ta abin da ranta ke so," in ji ta. "Ka nemo mata. Amma ka ji ni da kyau, naman da dafi ya taɓa ba zai shigo mini gida ba."

Na ce, "Haba Inna, da shi fa kika raine mu."

"Ku daban. Wannan ban yarda ba."

To, ga inda wuyar take. Bindiga a lokacin sai mai takardar Nasara, mu kuwa baka muka gada. Kibiyarmu siririya ce mai kunnuwa biyu a baya, idan ta shiga ba ta fita. Ba raunin ne ke kayar da dabba ba, dafin kwankwani ne da muke shafa wa ƙarfen. In ka cim mata ka yanka, sai ka yanke naman da ke kewaye da raunin ka jefar, sauran a ci lafiya lau. Ka cire dafi, wannan ƴar kibiya ba abin da za ta yi wa barewa sai ta tafi da ita ta mutu a inda ba ka sani ba.

Ranar kasuwa na tafi maƙera. Maƙerin, wani dattijo mai ɗan karen taurin kai, ya zube mini ƙarafan kibiya a kan buzu, na tsuntsu, na zomo, na manyan dabbobi, duka masu kunne. Na jujjuya su, na ce ba wanda ya yi mini. Ina son mai faɗi, kaifi biyu, ba kunne ko ɗaya.

Ya daina zuga wuta ya dube ni. "Yaro, mashi kake so ko kibiya?"

"Kibiya, Baba. Wadda za ta yanka da kanta, jini ya zuba."

"Za ta yi nauyi. Tana barin tsirkiya za ta yi ƙasa da kai. Gobe a ce ni na ƙera abin dariya."

Raina ya ɓaci, na ce in ba zai iya ba akwai maƙera a Kurni. Kai, ashe na taɓo inda yake masa ciwo! Ya jawo wata tsohuwar hauya ya cusa a wuta, yana ta gunaguni. Ta farko da ya buga ta yi kauri, na ƙi. Ta biyu bakinta ya karkace, na ƙi. Ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai ga mai tsirfa irina ba. Daga ƙarshe ya fitar da guda biyu iri ɗaya, faɗin yatsu biyu, sirara a baki, da ɗan tudu a tsakiya don kada su lanƙwashe a ƙashi. Na ɗaura su a kyauro mai kauri da jijiya, na wasa su har suna aske gashin hannu.

Gaskiyar dattijon ce, nauyi gare su. Na yi kwanaki ina harbin damin kara a bayan gida kafin hannuna ya saba, kuma na gane sai na matsa kusa ƙwarai. Abokin farautata ɗan kawuna ne, taubashina, mutumin da bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba. Yana ganin kibiyar ya riƙe ciki.

"Yau kuma noma za mu je? Ai sai ka ce in zo da iri."

Na ce ya yi dariyarsa ya more, amma sharaɗi ɗaya, ranar da za mu fita ba zai harba ba. Nasa kawai ya zagaya ya tare mata hanya. Ya rantse.

Muka fita da sassafe wajen dajin Tsauni. Da muka hangi barewa uku suna kiwo a gefen wata fadama, na ɗaura kan burtu a goshina, na lulluɓa da baƙin zane, na shiga rarrafe ina caccakar ƙasa yadda tsuntsun ke yi. Ƙaya ta ci gwiwoyina ba kaɗan ba. Sai da na matsa har ina ganin kaɗawar wutsiyar ta kusa, sannan na yi bisimilla na saki. Ta yi tsalle sama, ta faɗa cikin sabara, sauran suka watse. Ga jini ɗis-ɗis a ganye, ga shi a rairayi. Ba mu yi nisa ba muka tarar da ita ta durƙusa, da sauran ranta, na yanka.

Babu kibiya a jikinta, ban kuma damu ba, tunda marar kunne ai faɗuwa take yi. Muka feɗe, taubashina ya ɗauki fata da cinya ɗaya. Ranar bai yi mini tsiya ba ko kaɗan, na ɗauka kunya ce ta kama shi. Naman wajen raunin kuwa ban yanke ba, me zai sa? Haƙarƙarin nan ma da hanta su na ce a fara dafa wa matata.

Ta ci da azahar, ta ci har Inna na dariya. Bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga taubashina, fuska ba annuri.

"Ɗan'uwa, wane wuri aka ba ta?"

"Haƙarƙari. Lafiya?"

Ya sunkuyar da kai. "Da barewar ta zabura, hannuna ya riga ni. Na harba. Ban ga kibiyata ba."

Wallahi ban san sa'ad da na tsallake zaure ba. Na tarar da matata kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, hannu ɗaya ya sauka ƙasa, ba ta motsi. Na manta da kunya, na manta Inna na tsakar gida, na kama kafaɗarta ina girgizawa ina salati.

Ta buɗe ido. "Malam, mene ne haka? Mutum ba zai yi barci ba?"

Na yi wa Inna bayani. Ta aika aka samo madara, ta zaunar da matata tana ɗura mata. Ni kuwa zama ya gagare ni. Na fizgi kibiyar da ta rage a kwarina, na ja taubashina har gidan kawu, inda aka kafe fatar a rana. Na durƙusa ina lalubawa. Rauni ɗaya ne tak, a bayan ƙafar gaba. Da kibiyarsa ce, da huda za ta yi kamar ta basilla, da kuma mun same ta maƙale a ciki. Wannan kuwa tsaga ce. Na sa ƙarfen maƙerin nan a bakinta, ya shige daidai, ba ragi ba ƙari.

Na zauna daɓas a ƙasa. Dariya na yi ko kuka, har yau ban tantance ba. Da na dawo gida na tarar da matata tana suɗe tukunya, tana tambaya ko akwai saura.

Da damina ta faɗi ta haihu, mace, da kukanta mai tashin unguwa. Ranar suna taubashina ya zo da wani abu nannaɗe a tsumma ya ajiye a gabana. Kibiyarsa ce, wai wani makiyayi ya ciro ta a jikin aduwa, can nesa da inda barewar ta tsaya. Na bi shi da gori har tsufanmu, na ce ko rumbu aka ajiye masa sai ya kuskure. Amma a ranar nan rungume shi na yi a gaban jama'a, ina jiyo kukan ƴata daga cikin gida.