Ƙwaryar Baba Ilu a Gindin Ɗorawa

Har yau idan na ji ƙamshin kanumfari, ranar da na isa gonar Baba Ilu a Basirka nake tunawa. Lokacin ina aiki da ƙungiyar masu kiwon zuma ta yankin Gwaram, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Aikina zagaya amya a kan babur.

A shekarar wata cuta ta shiga amyar Baba Ilu. 'Ya'yan zuma na ruɓewa cikin saƙa, wari na tashi. Malama Rahila, jami'ar gona da ke zuwa mana daga Birnin Kudu, ta ce ƙwayar cuta ce, kuma tana bin abinci daga amya zuwa amya. Ta kawo man da aka tatso daga kanumfari a 'yar kwalba. Ta ce gwaji ne: a ɗiga kaɗan a ruwan sukari, a sa wa kowace amya nata a ciki. Amma tsohuwar amyar da Baba Ilu ya gada wajen mahaifinsa ta riga ta lalace, sai ƙonawa.

Baba Ilu ya ce, "Malama, a bar ni da ita tukuna."

Da na koma dubawa, tun daga nesa na ji gunji. Ga ƙatuwar ƙwarya a gindin ɗorawa cike da ruwan magani, ƙudan zuma sun rufe ta baƙi ƙirin. Baba na gefe yana murmushi.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

"Walima! Ni in ba nawa magani a ɗaka, na maƙwabta suna kallo? A gidanku haka ake cin tuwo, Sale?"

"Baba, masu ciwo da masu lafiya ne fa a ƙwarya ɗaya. Na tsohuwar amyarka ma ga su nan."

Murmushin ya ɗauke. Ya dubi bishiyoyin Malam Hudu maƙwabcinsa, mai amya fiye da kowa a garin. Ya ce, "Wato da hannuna nake kai masa cutar?"

Shi ya kifar da ƙwaryar, ya tura ƙasa da ƙafa ya binne ruwan. Da magariba, bayan ƙudan sun koma, ya sauke amyar mahaifinsa. Na miƙa hannu zan karɓi ashana, ya hana ni. "Ni na san ta," in ji shi, sannan ya cinna mata wuta.

Washegari ya bi maƙwabta gida gida ya faɗa musu abin da ya faru, ya raba musu sauran man. Malam Hudu ya rasa 'yan amya, yawancin sun tsira. Ko man ne, ko wutar, Malama ta ce ba za ta rantse ba.

Ku da kuke fara aikin nan, in kun ba mutanenmu magani, ku faɗa musu dalilin da ya sa ba a tarayya a kansa. In ba haka ba, za su raba, don kuwa haka aka rene su.