Sallama Uku A Ƙofar Kango

Ana sallame sallar asuba ranar Juma'a muka tashi daga unguwar Al Muntazah a Doha, mu uku: ni, da abokina direba, da wani dattijo mutumin Gumel da muke kira Baba, wanda ya daɗe yana gadi a Doha. Tafiyar tasa ce. Ranar Lahadi jirginsa zai tashi, ya koma gida ke nan, kuma ya rantse ba zai bar ƙasar nan ba sai ya nemi gafarar wani tsohon Balarabe, kafil ɗinsa na farko, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, wanda ya yi wa aikin gona a wani ɗan ƙauye can wajen Umm Salal.

Mun tsaya mun sha shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, da burodi mai ƙwai, riyal biyar ya ƙosar da mutum. Baba kuwa ko kurɓa bai yi ba. Yana rungume da tsarabarsa: turare, da zuma, da goron da aka kawo masa daga Kano. Abokina ya tsokane shi, wai ina Balarabe ina goro? Baba ya ce ai shi ya koya wa tsohon ci, har ya fi shi jan haƙora.

A hanya ya ba mu labarin. Shekara goma sha shida da suka wuce ya samu aikin gadi a birni, daidai lokacin yanke dabino, tsohon kuma yana kwance ba lafiya. Duk da haka tsohon ya sa masa hannu a takardar sakinsa daga aiki, ya kau da kai. Baba ya ɗauki jakarsa ya fita, kunya ta hana shi ko sallama. Tun daga nan kullum gobe, kullum bayan Salla.

Titin arewa sumul yake, ba rami ba shingen 'yan sanda, har barci ya so ya ɗauke ni. Da muka sauka daga kwalta sai ƙasa ta sauya. Fili ne fetal, tsakuwa da farar ƙasa, sai can ka hango wani kwari ya yi kore. Rauda suke kiransa, kamar fadamarmu: nan ruwan sama yake taruwa, nan kurna take fitowa, nan mutanen da suka haƙa rijiyoyi suka zauna. Baba ya ce a zamaninsa gida tara ne da masallaci, kuma tsohon yakan ba shi labarin yadda iyayensu suke tafiya teku neman lu'ulu'u lokacin zafi, su dawo wa dabino da awaki. Da arzikin man fetur ya zo, sai birni ya dinga zare su ɗaya bayan ɗaya.

Mu dai da tunanin gida muka je. Tun a mota muka shirya cewa za mu fara gaida mai unguwa, shi ya haɗa mu da ɗan rakiya. Wallahi da muka iso sai muka tarar da kufai. Ba kaza, ba hayaƙi, ba kukan jariri. Katangun dutse da laka sun zube, an rufe rijiyar da murfin ƙarfe, dabinon sun bushe a tsaye. Na sha ganin kufai a gida, amma yunwa ko yaƙi ke tashin gari. Ban taɓa ganin garin da arziki ya tasa ba, ga dogayen benayen Doha ana hango su daga nan.

Wani makiyayi ɗan Sudan muka samu da raƙumansa a bayan gari. Ya ce tsohon ne na ƙarshe da ya rage, ya ƙi bin 'ya'yansa birni har ya rasu shekara uku da suka wuce. Inda aka binne shi, da inda 'ya'yan suke, bai sani ba.

Baba ya wuce kai tsaye zuwa wani gida da ba rufi ba ƙyaure, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Ya saurara. Ya sake yi, ya sake, har uku.

Abokina ya ce, "Baba, ka shiga mana, ai ba kowa."

Ya ce, "Ba a amsa mini ba, ɗana."

Ya juyo, hawaye na bin gemunsa. Ya miƙa wa makiyayin tsarabar gaba ɗaya, ya roƙe shi ya riƙa sa mamacin a addu'a. Ni ma na kasa riƙe nawa.

Mun dawo Al Muntazah tun ba a yi kiran Juma'a ba. An ce zumunci a ƙafa yake, ni kuwa a tafiyar nan na gane gafara ma haka take, kuma ba ta jiran mai kunya. Da za mu sauka, Baba ya tambayi abokina tsawon lokacin da muka ɗauka a hanya. Ya duba agogo ya ce minti talatin da biyar.

Baba ya daɗe riƙe da murfin mota, sannan ya ce, "Ashe minti talatin da biyar ne."