Abin da Ya Hana Malam Haladu Ciyayya

Wata rana, a wata tsohuwar unguwa a Funtuwa, wani dattijo ya wanke hannu zai ci tuwo da abokansa, sai ya fasa.

Sunansa Malam Haladu, mai gyaran agogo a bakin kasuwa.

A ƙofar gidansa ake ciyayya.

Saboda 'yan baya da ba su tarar da ita ba, ga yadda take. In an idar da sallar magariba, kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa. A shimfiɗa tabarma, a buɗe ɗaya a cinye tare, sannan a jawo na gaba. Ba a tambayar na wa ya fi nama.

Wasu kan zo su tafi, amma mutum uku ne ba sa fashi: shi Malam Haladu, da Alhaji Namadi mai sayar da taki, da Mudi mai faskare.

Mudi Bakano ne, Haladu kuma Bazazzagi, don haka kullum sai an taɓa.

"Jama'a kowa ya riƙe kwanonsa, Bazazzagi ya wanke hannu."

"Ci a hankali Bakano, ba sayar maka za a yi ba."

Haka suke tun gemunsu yana baƙi.

To, a safiyar ranar da muke magana, matar ƙanin Malam Haladu ta haihu, ta zubar da jini da yawa. Aka nemi masu ba da jini, shi ne ya fara miƙa hannu.

Bayan an gwada, sai ma'aikacin ya ja shi gefe.

"Baba, ba za mu iya ɗibar naka ba. Akwai ƙwayar ciwon hanta a jininka, nau'in B. Ka daure ka ga likita. Kuma a kiyaye, ana ɗaukarsa."

An samu jini a wajen wani, mai jego ta farfaɗo.

Shi kuwa Malam Haladu, duk cikin maganar nan abu ɗaya ya shiga kunnensa: ana ɗauka.

Bai je wajen likitan ba. Ba abin da ke masa ciwo, idonsa bai yi rawaya ba, kuma yana tsoron abin da zai ƙara ji. A hanyar gida ya tsaya wajen wata mota mai lasifika, ya sayi jiƙon da aka ce yana wanke hanta tas.

Da magariba aka shimfiɗa tabarma.

Aka buɗe kwano. Ya wanke hannu kamar kullum. Sai idonsa ya faɗa kan hannun Mudi, hannun da gatari ya tsattsaga, wanda in bai ɗaga ba a yini, tukunya ba ta hawa murhu a gidansa.

Ya ce a ransa, in na kwantar da wannan bawan Allah, wa zai ciyar da iyalinsa?

Ya janye hannunsa.

"Na ƙoshi."

Mudi ya yi dariya har da tari. "Bazazzagi ya ƙoshi? Alhaji, a duba gabas ko rana ta sake hanya."

Malam Haladu bai yi dariya ba.

Kuma bai lura da wani abu ba. Kwanon da ke buɗe a lokacin na gidan Mudi ne. Tuwon dawa da miyar kuka, ba ko ƙashi.

Washegari ya ce cikinsa ne. Jibi ya ce baƙo gare shi. Daga nan ya daina kawo dalili. A fitar da kwanonsa, shi ya zauna a ɗaki ya ci shi kaɗai, yana jiyo hirarsu ta katanga.

A cikin gida ma ya ware kofinsa da farantinsa. Matarsa Uwani ta tambaya, ya ce haka ya ga dama.

A masallaci, da an sallame sai ya cusa hannu cikin riga, ya gaisa da ka.

Amma duk Juma'a, in mai yankan farce ya biyo ta kasuwa, Malam Haladu kan miƙa masa yatsu kamar yadda ya saba. Wani lokaci askar ta ɗan ci nama, a goge jinin da tsumma. Mai yankan ya tashi da askarsa, ya wuce rumfar gaba.

Ƙofar da ɓarawo ba ya bi ya garƙame. Wadda yake bi tana nan a buɗe.

Unguwa kuwa ba ta barin shiru ya zauna ba fassara.

Wasu suka ce ya samu duniya. Wasu suka rage murya suka ce, mutum ba ya barin kwanon da ya saba haka kawai, sai in yana zargin za a sa masa wani abu a ciki.

Kowa kuma ya tuna kwanon wa ya fara ƙi.

Wata safiya suka yi kiciɓis da Mudi a bakin layi.

"Malam Haladu, barka da asuba. Ya iyali?"

Cikin ladabi, kamar yana gaida baƙo.

Da zaginsa ya yi, da abin bai kai haka zafi ba.

Ba a jima ba Uwani ta same shi a ɗaki.

"Malam, ka san kwanon gidan Mudi ya daina fita?"

Ya ɗago.

"Matarsa ta zo nan tana hawaye. Ta ce tun tana amarya kake cin girkinta, ba ta san ranar da ta zama abin tsoro ba. Ni ma ban san me zan ce mata ba, tunda ni ɗin ma an ware min kofi."



In ya faɗa, yana ganin kowa zai guje shi. In ya yi shiru, ga aminin nasa yana tafiya da tabon da bai ji ba bai gani ba.

Yana cikin wannan hali, ranar wata kasuwa, sai inuwa ta rufe masa agogon da yake gyarawa.

Mudi ne, gatari a kafaɗa. Bai zauna ba.

"Malam Haladu, tambaya ɗaya na zo yi, in ka amsa in wuce. Miyar gidana ce ba ta yi maka ba, ko hannuna kake tsoro?"

Malam Haladu ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Nawa hannun nake tsoro, Mudi. Ciwon hanta gare ni. An ce ana ɗauka."

Mudi ya sauke gatarin a hankali.

"Wa ya ce maka a kwano ake ɗauka?"

"Ba wanda ya ce."

"Ka tambaya?"

Malam Haladu ya girgiza kai.

"Wato ka yanke min hukunci, ka yanke wa kanka, alƙali bai ko zauna ba. Rufe shagon nan."

"Ina za mu?"

"Inda ya kamata ka je tun farko."

Likitar da suka samu yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'ya'yansu ba. Ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse su ba.

"Baba, da a abinci ake ɗaukar wannan ciwo, da ba a bar kowa ba a ƙasar nan. Ku ci a kwano ɗaya, ku sha a moɗa ɗaya, ku yi musafaha. Ba ta nan yake bi ba."

"To ta ina, 'yata?"

"Ta jini. Aska ɗaya, reza ɗaya, allura ɗaya, asuwaki ko buroshi ɗaya. Yana bi tsakanin miji da mata. Uwa kuma tana iya ba jaririnta wajen haihuwa, shi ya sa ake yi wa jariri allurar rigakafi tun ranar farko. Mai yiwuwa ma tun kana yaro kake ɗauke da shi. Yakan yi shekaru bai nuna kansa ba."

Da ta ce aska, dattawan nan biyu suka dubi juna. Sannan kowa ya dubi farcensa.

Ta sa aka ƙara gwada jininsa, aka yi masa hoton ciki.

Da sakamako ya fito ta ce ya gode wa Allah, hantar ba ta lalace ba. A yanzu bai kai ga shan magani ba, amma zai riƙa dawowa duk bayan wata shida a duba, don in ƙwayar ta motsa akwai maganin da ke danne ta.

"Jiƙon nan kuma ka zubar. Duk abin da ka haɗiya, hanta ce ke tace shi. Kada ka ɗora wa mara lafiya kayan da ba ka san nauyinsa ba."

Ta ƙara duban hoton.

"Akwai kuma ɗan kitse da ya fara taruwa a kanta. Wannan wani abu ne dabam. A rage sukari a shayi, a rage lemon kwalba da soye-soye, a riƙa takawa da ƙafa."

Mudi ya gyara zama. "Likita, wannan kam ni na tsira. Kitsen da bai shiga miyata ba, ta ina zai shiga hantata?"

Ta yi murmushi. "Siriri ma yana samu, Baba. Miƙo hannu a gwada ka."

Ashe mutumin da ke tsaga kututture gida biyu tsoron allura yake. Sai da Malam Haladu ya riƙe masa kafaɗa.

Mudi ba shi da ciwon. Aka fara masa rigakafi, allura uku ce a lokuta dabam-dabam.

A ranar Malam Haladu ya zaunar da Uwani ya faɗa mata komai. Sannan ta tashi ta ɗauko kofin nasa ta jefa cikin sauran.

"Ciwon ban ji haushinsa ba, Malam, Allah ne ya kawo. Ɓoyewar ce zan daɗe ban manta ba."

Ita da aka gwada, aka tarar jikinta ya taɓa gamuwa da ƙwayar, ya kore ta da kansa. 'Ya'yansu aka yi musu rigakafi.

Saura tabarma.

Mudi ya ce ba sai an faɗa wa kowa ba, ya dawo kawai ya zauna. Malam Haladu ya ce a'a. Shirunsa ne ya jawo wa Mudi zargi, bakinsa ne zai wanke shi. Kuma duk aska ɗaya ta bi ta kansu, ya kamata kowa ya je a duba shi.

Da magariba ya fito da kwanonsa da kansa.

Kafin a buɗe ya yi gyaran murya. Ya faɗi ciwon da sunansa. Ya faɗi abin da likita ta ce. Ya nemi gafarar Mudi da iyalinsa a gaban kowa.



Alhaji Namadi ya dubi kwanon, ya dubi hannun Malam Haladu.

"Allah ya ba da lafiya, Malam. Ni dai... likita ta faɗi nata, amma ka san zuciya. Ku yi min uzuri."

Ya sa takalmansa ya shiga gida.

Abin da Malam Haladu ya yi ta gudu ke nan, ga shi ya faru a gabansa. Ya ji zafi ƙwarai. Amma bai tashi ba.

Mudi ya matso. Ya buɗe kwanon gidan Haladu, ya jira har mai shi ya yanki loma. Sannan ya sa hannu daidai gurbin da yatsunsa suka bari, ya yanki tasa.

Sauran suka matso ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu kowannensu yana da rezarsa a aljihu. Mai yankan farce ma, da aka yi masa bayani, bai yi musu ba, sabuwa yake ɓarewa a gaban kowa.

Alhaji Namadi kuwa, an ji ya je an gwada shi shi da iyalinsa. Yana amsa gaisuwa da fara'a.

Kullum da magariba kwanon gidansa yana fitowa, cike, da zafinsa.

Shi ne dai bai fito ba tukuna. Kuma ba wanda ya zauna a wurinsa.

Darasi:

Rabin magana ya fi jahilci ɓarna. In an ce kana da ciwon hanta, kada ka tsaya a bakin ƙofa, ka shiga ka tambayi likita har ka gane.

Nau'in B ba ya bin kwano ko musafaha, jini yake bi. Kowa ya riƙe askarsa, a je gwaji ko ba a jin ciwo, wanda ba shi da shi ya yi rigakafi, mai shi kuma ya riƙa komawa ana dubawa.

Kuma in ɗan uwanka ya janye jiki ba dalili, kafin ka saurari unguwa, ka taka ka tambaye shi.

Ku tura wa waɗanda kuke ci a kwano ɗaya da su. Wataƙila akwai mai cin tuwonsa shi kaɗai a ɗaki, yana jiran wanda zai ce masa ya fito.