Fasinjojin Ado a Tashar Argungu

Sa'ad da aka yanko mana jiha daga Sakkwato, makarantun Birnin Kebbi suka shiga neman malamai. Ni kuwa ina Argungu, na gama kwalejin horon malamai, ina taya kawuna shanya albasa. Sai wata sakandare ta kira ni gwaji. Sharaɗin shugaban makarantar gajere ne: in koyar da darasin farko na safiyar Litinin a gabansa. In aka kaɗa ƙararrawa ba na nan, akwai mai jiran gurbin.

Darasin shi ne yadda ake faɗin abin da ke gab da faruwa a Turanci. Na haddace misalaina tsaf, ruwa na shirin sauka, jirgi na gab da tashi. Littafin ya ce in Bature ya furta "about to", to ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita waje. Marubucin bai taɓa zuwa tasharmu ba.

Bayan sallar asuba Kawu ya rako ni. Muka iske wata fijo inji na ruri, ɗan kamasho na dukan rufinta: "Birni! Birni! Saura mutum biyu, yanzu za mu tashi!" Na shiga da sauri, saura ɗaya. Wata mata mai kwandon busasshen kifi ta shigo, na ce alhamdulillahi. Sai wani daga baya ya sauka, wai zai sayo goro. Bai dawo ba. Saura ɗaya.

A lokacin direbobi kan zaunar da abokansu marasa aikin yi a cikin mota don ta yi kama da cikakkiya. Fasinjan gaske ya shigo, na ado ɗaya ya sulale. Na duba sosai, na ga uku a cikinmu ba su da ko ƙunshi, kuma ba wanda ya damu da rana da ke ɗagawa. Ni dai zufa ta fara jiƙa mini rigar da na yi wa guga da gawayi.

Kawu ya leƙo ta taga, idonsa ya faɗa kan wanzamin unguwarmu, mutumin da ko biki ba ya fitar da shi gari. Ya buɗe ƙofa, ya zauna a gurbin ƙarshe da kayan gonarsa, ya ja ƙofar garam.

"Mota ta cika. Direba, bisimilla."

Direba ya waiwayo. "Baba, kai ma tahiya za ka yi?"

"A'a, kwana na zo yi."

Wanzami ya fara mutsu-mutsu. "Alhaji, ɗan ɗaga mini in kama ruwa."

"Riƙe shi, ba nisa. Ko ba Birni za ka ba?"

Mai kifi ta gane wasan nan take. "Wallahi wani ya ƙara sauka, duk mu sauka mu shiga waccan motar!"

Direba ya dubi ɗan kamasho, ɗan kamasho ya dubi sama. Ko dai ya faɗi a gaban tasha cewa mutanensa na ado ne, ko ya ɗauke su kyauta. Ya sa giya kamar mai jin haushinta. Duk hanya, daga fadamun shinkafa har bakin Birni, Kawu na tambayar wanzami wa zai gaishe a can, ko da saƙon da za a taya shi kaiwa.

Na shiga makarantar, mai kaɗa ƙararrawa ya ɗaga ƙarfensa ke nan. Na koyar ina haki, ina ƙamshin kifi. Shugaban ya ce misalaina sun yi kama da na littafi da yawa, amma in zo gobe in karɓi aji.

Kawu ya koma Argungu da azahar tare da baƙinsa uku. Har damina ta sauka bai ƙara sa wuyansa a ƙarƙashin askar wanzamin nan ba.